Igiyar Awo ta Baffa Haladu

Ana sallame sallar asuba muka bar Mai Wurno, garinmu na Hausawan Sudan, ni da wani tela ɗan unguwarmu, a bayan lorin da ke kai albasa Sinnar. Shi Umra ce ta fito da shi, da burin sayo keken ɗinki sabo fil a Jidda. Ni kuwa aikena aka yi, kuma tun ban taka lorin ba na san ba ni ya kamata a aika ba. Tun da na dawo kuke tare ni a hanya kuna cewa in ba ku labari, ina ce muku sai an kwana biyu. To ga shi na zauna na rubuta, amma mai neman labarin daɗi gara ya ajiye takardar nan tun yanzu.

Gidanmu gidan maƙera ne, kun sani. Ƙanin mahaifina, Baffa Haladu, ya tafi aikin Hajji tun ina goye, bai dawo ba, ya kafa maƙera a Jidda. Mun tashi muna jin cewa Baffa ya ƙera mota da hannunsa, mota mai tafiya a titi, ba ta wasan yara ba. Duk shekara in alhazai suka dawo sai sun zo da saƙonsa iri ɗaya: a turo masa ɗa guda daga gida ya karɓi sana'ar, domin shi Allah bai ba shi namiji ba. Duk shekara Baba sai ya ce bana aiki ya yi yawa, a bari sai baɗi. Bana saƙon ya sake. Idanun Baffa sun tafi, kuma ya ce in ba a turo kowa ba, to zai shiga kabari da abin. Yayyena uku duk maƙera ne, amma girbin dawa ya ƙarato, kowa lauje yake nema, ga shi babu mai fasfo a cikinsu. Ni ne mai fasfo, ni ne mai hutu, ni magatakardan gidan gurzar auduga da rabona da masaba tun ranar da na daki babban yatsana ina ɗan shekara tara. Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ma ai jininmu ne. Je ka karɓo."

A Sinnar muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa Bur Sudan, tarago na uku, inda benci katako ne kuma akuya ma fasinja ce. Jirgin nan ba ya sauri, ba ya kuma jin kunyar tsayawa a tsakiyar daji. Sai ka ji ya yi ajiyar zuciya ya tsaya cik, a leƙa ta taga a ga direba ya sauka ya shimfiɗa buzu yana jiran shayinsa ya tafasa. Wajen Gadarif ƙasar baƙa ce wuluk, dawa da riɗi iyakar ganinka, kuma rabin 'yan dakon tasha da Hausa suke zagin juna. A nan muka ci kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa a hannun wata mata 'yar Katsina. Ta ce ita ma kan hanyar Makka take, shekararta ashirin da biyu a tashar. Tela ya yi dariya har da buga cinya, ni dariyar ba ta zo mini ba.

Duwatsun Kasala sumul suke, kamar an kife manyan tukwane, a gindinsu Hadandawa masu tulin gashi suna sayar da gahawa mai citta a ƙananan finjalai. Daga nan sai fako da ƙaya. Shayin da muke sha girish ɗaya a Sinnar ya koma biyu a Haiya, da tela ya yi ƙorafi mai shayin ya ce shi ba shayi yake sayarwa ba, ruwa yake sayarwa. Abokin tafiyata dai ba ya kallon ƙasa, ɗinkin rigunan mutane yake kallo, yana mini raɗa wane an cuce shi a wuya, wane a aljihu. Ni kuwa tunanina ɗaya ne duk tsawon hanyar: yaya mai alƙalami zai ɗauko mota a kansa?

Kwana uku muka yi a Bur Sudan muna bin allura da hatimi. Jirgin ruwan da muka samu tumaki ne a ƙasa, mu a sama, iska kuwa daga ƙasa take tasowa. Tela ya yi amai har ya fara yafe wa mutanen da ba su yi masa komai ba. Da aka yi shelar mun zo daidai miƙati muka yi wanka da bokiti muka ɗaura harami, kashegari da hantsi Jidda ta bayyana fara fat a bakin ruwa.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙona mutum yake yi, nasu jiƙa shi yake yi, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan. Abin da ya fara cika mini ido motoci ne, dogaye masu faɗin gaba irin na Amurka, da ƙananan a-kori-kura na Japan, ana sauke su daga jirgi jere-jere. Mai tasi ya ce riyal biyu zuwa Nuzla, unguwar da Baffa yake, tela ya taya ɗaya, mutumin ya ce "Yalla, yalla," ya ja motarsa ya bar mu da ƙura. A ƙafa muka ƙarasa, cikin harami, da akwatuna a ka.

Nuzla unguwa ce ta katakon akwati da buɗaɗɗen duro, lunguna a matse, 'yan garuwa suna wucewa da gwangwani bibbiyu, ko'ina ƙamshin soyayyar gyaɗa da ƙarnin kifi. Ban sha wahalar tambaya ba, ina cewa gidan Mu'allim Haladu mai mota aka nuna mini. 'Yarsa Safiya ce ta buɗe ƙofa. A Jidda aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce da Larabci.

"Ahlan, Yaya, tafaddal. Abuya yana ciki, min zaman, tun tuni yake jiranka, wallahi."

Na same shi zaune a kan tabarma, ƙaton mutum da ya zube, idanu fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba sai da ya laluba ya kama hannuna na dama, ya juya shi, ya bi tafin da babban yatsansa tun daga wuyan hannu har ƙarshen yatsu. Ya daɗe yana yi.

"Ɗana, wannan hannun da me yake cin abinci?"

"Da alƙalami, Baffa."

Sannan ya ce, "To. Yayana ya kyauta," ya saki hannun. Ban taɓa jin kunyar aikina ba sai ran nan.

Kashegari muka shiga Makka muka yi Umra, na roƙi Allah abu ɗaya, Ya buɗe mini kai. Tela ya zauna can wajen 'yan'uwansa, ni na komo Nuzla.

Labarin motar a bakin mutum uku na haɗa shi: Baffa, da Safiya in tana suyar gyaɗar da take sayarwa, da wani tsoho mai wanki maƙwabcinsu. Bayan an rushe ganuwar Jidda gari ya faɗaɗa, motoci suka shigo, amma lungunan Balad, wato tsohon gari, ba sa cin mota. Kaya sai a jaki ko a ka. Baffa a lokacin gyaran amalanke yake yi. Ya sayi mataccen babur a gwanjo, ya cire injin ya tashe shi, ya ƙera masa ƙashi mai ƙafa uku, ya buɗe duro ya daddaka ya yi jiki, kujerar mutum biyu a gaba, akwatin kaya a baya, rumfar tamfal a sama. Faɗinta bai kai na jaki da mangala ba. Mai wanki ya ce ran da ta fara fita Nuzla kaf ta bi ta a guje, har limamin unguwa. Wani attajiri ɗan Hadaramaut ya gani, ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, ya ba shi fili da ƙarfe, takardar shagon da sunan attajirin. Aka sa wa motar suna 'Yar Haladu. Cikin shekara huɗu suka fitar da goma sha ɗaya, masu burodi suka saya, da mai ƙanƙara, da wani mai haɗa magani.

Mota mai ƙafa uku halinta ne ta kife a kwana. Ta Baffa ba ta kifewa, ko an cika ta da kaya, kuma sirrin yana cikin ƙashin. Komai na motar tare suke yi da ma'aikacinsa, wani mutumin Barno mai suna Bukar, amma ran yankan ƙarafan ƙashi da lanƙwasa su Baffa korar kowa yake yi ya rufe ƙofa. Haka kakanninmu suke yi da abin da suka fi kowa iyawa, ba a nuna wa bare. Attajirin ya so a riƙa fitar da motar da yawa. Ya ce zai kawo Bamisire mai zane ya sa kowane ƙarfe a takarda, a ɗauki ma'aikata goma. Baffa ya ce a dakata, ɗan yayansa yana nan tafe daga Sudan. Attajiri ya jira shekara, ya jira ta biyu, sannan ya ce khalas, magana ta ƙare, ya mai da filin ma'ajiyar taya. Ina jin haka na tsame hannuna daga tuwo, don ɗan da aka yi ta jiran nan ɗayanmu ne, muna can muna cewa baɗi.

Ranar Litinin da hantsi muka fara karatu. Baffa ya sa Safiya ta fita da kaskonta waje, ya ce in sa sakata. Ya zaro wata siririyar igiya daga cikin matashinsa, ta yi baƙi ƙirin da mai da gumi, jikinta ƙulli arba'in da ɗaya. Daga ƙulli zuwa ƙulli tsawon ƙarfe ɗaya ne na ƙashin motar kafin a sa shi wuta a lanƙwasa. Wane ƙulli ne na wane ƙarfe, wannan a kansa yake. Na ji sanyi a raina, na ce ashe abin lissafi ne, wannan kam aikina ne. Na zaro littafi da fensir.

"Mene ne wannan yake ƙarar ɓera?"

"Rubutawa nake yi, Baffa."

"Miƙo." Na miƙa, ya ɗaga cinya ya zauna a kan littafin. "Ba a rubuta sana'armu. Abin da ke takarda, duk wanda ya tsinta nasa ne. A ka ake ɗauka."

Abu ɗayan da na iya a duniya ke nan, ya zauna a kai. Na dage da hadda kamar ɗan makarantar allo, ina tafiya shagon burodin tamis ina maimaitawa, ina alwala ina maimaitawa. Ran Laraba na lura da abin da ya kashe mini jiki. Ƙulli na bakwai da ya ce mini ran Litinin na tokaren ƙafar baya ne, yau ya ce na gindin sitiyari ne. Na goma sha biyu ma ya sake. Na faɗa masa cikin ladabi. Ya yi mini tsawa, ya ce kan magatakarda kan kabewa ne. Sannan ya koma ƙullin farko ya biyo a hankali, leɓensa yana motsi. Da ya zo na bakwai yatsunsa suka tsaya. Can ya ce da wata ƙaramar murya, "Mu sake daga farko." Mun sake daga farko sau ba adadi cikin kwana goma, kullum da jerin da zai fito. Huɗu ne kawai ba su taɓa sauyawa ba.

Na ce to in nemo mota ɗaya in gani da idona, ko za ta tuna masa. Na shiga Balad, cikin dogayen gidajen nan masu tagogin katako da suka fara sunkuyawa juna. Mai burodi ya ce tasa ta yi masa shekara shida ba ta taɓa faɗuwa ba, da lori ya buge ta aka rasa mai gyara, ya sayar wa 'yan gwangwan. Kujerarta ce bencin da nake zaune a kai. Mai ƙanƙara ya rasu. Mai haɗa magani ya koma Aziziyya, unguwar sababbin benayen siminti da tituna masu faɗin da jaki zai ji kunyar bi. Ɗansa ya ba ni ruwan sanyi daga firji, ya ɗauko hoto yana dariya: ubansa da tabarau cikin wani ɗan abu mai kama da akwatin amarya. Iyakar ganina da 'Yar Haladu ke nan. Cikin goma sha ɗayan nan ko ɗaya ba ta rage ba.

Safiya ce ta ce, "Yaya, ka je wajen Ammi Bukar. Yana shughul a Masana'antu. Amma kar ka ce ni na faɗa."

Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda, tana kudu da gari, fili ne fetal da aka fara kafa manyan rumfunan kwano, ba inuwa ko ta tsuntsu. Na sami Malam Bukar yana waldar tankin ruwa, dattijo siriri, kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Muka zauna a gindin tanki muka ci ful, wato dafaffen wake, da gurasa. Ya ce shekara goma sha huɗu yana zuga wa Mu'allim wuta. Bayan an rufe shagon ya auna wata motar da tef ya ƙera tasa, ta kife da shi a kwanar farko, ita ce kafaɗar nan. Ƙarfen da aka lanƙwasa da zafi aka ɗaure yana ja, in ji shi, abin da tef ke gani ba shi aka yanka ba. Na tambaye shi ko ya san jerin ƙarafan. Ya rufe ido ya kawo su arba'in da ɗaya a jere, bai yi tuntuɓe ba, don shi ke ɗora inji da jiki a kansu, kuma a jeren da aka yanka su ake miƙo masa. Tsawon yana Nuzla, jerin yana nan gindin tanki.

"Ni ba na neman komai yanzu, ɗana," ya ce. "Wa zai sayi ƙafa uku, ga na Japan kamar buhunan shinkafa? Iƙamata ma, takardar zamana a ƙasar, a hannun masu tankin nan take. So nake kawai in san abin da ya kayar da tawa kafin in mutu."

Ya zo ran Juma'a bayan an sauko, da kankana a hammata. Baffa yana zaune da igiyar a cinya. Yana jin sallamar fuskarsa ta washe, tun zuwana ban ga haƙoransa ba sai ran nan.

"Bukar! Kai ne? Ina Falmata, ina yaran?"

Yana tambayar yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, hannunsa kuwa yana naɗe igiyar, ya tura ta ƙarƙashin cinya. Duk muna kallo. Aka sha shayi, aka yi hirar mutanen da suka mutu. Da na ga la'asar tana neman yi na cire kunya na ce, "Baffa, Malam Bukar yana da jerin nan kaf a kansa. In ka fito da igiyar, kafin magariba mun gama. Ni zan riƙe, gida za ta tafi."

"A gabansa?"

"A gabansa, Baffa. Ba wata hanya."

Ya juya fararen idanunsa wajen da Bukar yake. "Bukar mutumin kirki ne. Abin da ya yi mini, ɗa bai yi mini ba." Ya ƙara danne igiyar da cinya. "Amma ba ɗa ba ne."

Malam Bukar ya yi murmushi, ya shanye sauran shayinsa, ya tashi ya sumbaci Baffa a ka. "Allah Ya ƙara lafiya, Mu'allim." Na raka shi bakin lungu, shi ne ma ya dafa ni ya ce ma'alesh, ba komai.

Na san abin da za ku ce: me ya hana in ɗauki igiyar in kai masa a ɓoye? Na yi wannan tunanin, Baffa ma ya yi shi kafin ni. Bai ba ni ita ba sai da safen da za mu hau jirgi, akwatina a ƙofa. Ya sa ta a tafina, ya rufe da hannuwansa biyu, ya ce in rantse da Allah ba zan rubuta ba, ba zan nuna wa wanda ba jininmu ba. Tsoho makaho yana riƙe da kai yana kuka, me za ka ce? Na rantse. Safiya tana tsaye a zaure, ta ji komai. Ta ce, "Khalas, Yaya. Ta mutu ke nan," ta miƙo mini ƙullin gyaɗa na hanya.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ruwan nan ne, jirgin nan ne, shayin Haiya yana nan a girish biyu. Tela ya rungume kekensa tun daga Jidda har Sinnar, ko salla zai yi sai ya jingina shi inda zai gan shi da wutsiyar ido.

Na iso Mai Wurno da azahar, na wuce maƙera kai tsaye. Aka tsai da zugazugi, Baba da yayyena suka kewaye ni. Na ajiye igiyar a kan uwar maƙera na ba su labari duka, ban rage komai ba, har kankanar. Na zaci Baba zai yi salati, ko ya ce wayyo Haladu. Ya ɗauki igiyar ya shafa ta, ya daɗe, sannan ya gyaɗa kai.

"Ya yi daidai. Ko ni ne, ba zan ba baƙo ba."

Yayyena suka ce haka ne. Aka rataye ta a ƙusa, aka koma bugun lauje.

Na tafi ina tsammanin makanta ce ta kashe motar Baffa, ko attajirin da ya janye hannu, ko motocin Japan. Na dawo na san ba su ba ne. Mu ne, da hannunmu, kuma ba don mugunta ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Kowa a cikinmu gani yake amana ya riƙe. Ina fushi da Baffa, ina fushi da Baba, wani lokacin in tashi kamar in rubuta wa Malam Bukar wasiƙa, in auna masa igiyar ƙulli-ƙulli da rula, aikin rabin yini ne. Har takardar na saya. Amma ku duba abin da kuka karanta tun daga farko. Ƙulli huɗu na riƙe a kaina daram, kuma ko ɗaya ban rubuta muku ba.